Takardar da ke Aljihun Baba

Laraba

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman can? Mu nan lafiya lau. Umma ta warke daga murar da ta yi, keken ɗinkinta ma ya warke, an canza masa bel. Ni ma ƙalau nake, sai wasu ƙuraje biyu da suka zaɓi tsakiyar goshina suka zauna.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa. Kin san ni da waya. In kin kira Umma ranar Lahadi a buɗe take sa ta kowa na ji, ni kuma ban da "lafiya lau" ba abin da ke fita daga bakina. Sauran kwanakin kuma a ƙofar kamfani ake karɓe muku wayoyi. Shi ya sa na je ma'ajiyar kamfaninku ta nan garin, mai gadi ya ce in riƙa ajiyewa wurinsa, direban da ke zuwa duk Alhamis zai kai miki.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Asabar ina gugar rigunan aikin Baba, shuɗayen nan masu aljihu biyu, sai na ji takarda a ƙarƙashin dutsen guga. An ninke ta gida huɗu. Kar ki yi min dariya, wallahi da farko na ɗauka wasiƙa ce ya rubuta wa Umma ya kasa ba ta, irin yadda ake yi a littattafan da kike cewa suna juya min kai. Har na fara murmushi ni kaɗai. Na buɗe.

Daga asibitin ma'aikatan gidan ruwa ce. Likita ya rubuta cewa jininsa ya hau sosai, ya huta a gida sati shida, kada ya shiga ɗakin injuna, kada ya hau matakalar ƙarfe. Ga hatimi, ga sa hannu. A ƙasa an ce ya miƙa wa ofis. Kwananta goma sha ɗaya da rubutawa, Yaya, kuma tun daga ranar bai fashi aiki ko sau ɗaya ba. Ranar hutunsa ma ya je, wai zai leƙa injin lamba uku ya dawo. Sai la'asar muka gan shi.

Na mayar da ita yadda na gan ta. Tun daga nan nake kallonsa. Shekaranjiya ya sunkuya zai ɗaure takalmi, da ya ɗago sai da ya dafa bango ya ɗan tsaya. Ya ga ina kallo ya ce, "Auta, bangon nan yana son fenti."

Ba zan iya yi masa magana ba. Ko kuɗin littafi zan tambaya sai na kwana biyu ina shirya kalmomin. Ke kaɗai yake jin maganarki, ke ce Injiniyarsa. Don Allah ki zo, ko na kwana uku ne.

Ƙanwarki,
Auta

*

Talata

Auta,

Wa alaikissalam. Saƙonki ya iso, ina lafiya. A tsaye nake rubuta wannan lokacin cin abinci, ki yi haƙuri da rubutun. Ƙurajen ki daina taɓa su.

Hankalina ya tashi, ba zan ɓoye miki ba. Amma zuwa yanzu ba zai yiwu ba. Masu duba aiki za su zo ƙarshen wata, kuma mu biyu ne a ɗakin gwaji, ɗayan sabo ne, ko kwalba zai wanke sai na tsaya a kansa. In na ce hutu a wannan lokacin, kin san abin da za a faɗa: dama mace ce.

Kuma ki fahimci Baba. Ke kin tashi kin tarar da shi ya gaji. Ni na san shi lokacin da yake ɗora ni a kafaɗa ya kai ni gidan ruwa ranar Asabar. Yakan ɗora bakin dogon sukundireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido, ya faɗa maka abin da zai lalace sati biyu kafin ya lalace. Shi ya sa suke ce masa Mai Kunne. Wata rana ya ce min, "Injiniya, duk wanda ya buɗe famfo a garin nan da safe bai san ni ba, amma da ni ya wanke fuska." Tun ranar na san irin mutumin da nake so in zama.

Abin da yake tsoro ni na sani. Duk wanda ya kai irin takardar nan, in ya dawo sito ake tura shi ya zauna da bututu da kusoshi. Saura masa wata goma sha huɗu ya yi ritaya. So yake ya gama a gaban injinsa. Mutum ne da ya san jikinsa, in ya ji ba zai iya ba zai tsaya.

Ki faɗa wa Umma, ita za ta san yadda za ta bi da shi. Af, wata tambaya. Kin ce guga kike yi, wato an riga an wanke rigar. To ya aka yi takardar ba ta jiƙe ba? Ki rage karatun soyayya ki riƙa lura.

An buga ƙararrawa. Ki gaida Umma.

Yayarki

*

Alhamis

Assalamu alaikum Yaya,

Na ga amsarki yau, na gode. Muna lafiya. Baba yana nan yadda kika sani.

Tambayarki ta hana ni sukuni, don haka na yi abin da kika ce. Na sami Umma a kan keke, fil uku a bakinta, tana haɗa hannun wata riga. Na tsaya a bayanta har ƙafata ta gaji. Kin san wani abu? Na fi sanin ƙeyar Umma a kan fuskarta. Kullum tana gida, amma bayanta muke gani.

Na ce, "Umma, rigar Baba."

Ta ce, "Kin ƙona?"

Na ce a'a, akwai takarda a aljihu.

Keken ya tsaya. Ta cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya ta soke a hannun rigarta, ba ta juyo ba. Ta ce, "Wa kike zato yake cire ta kafin wanki ya mayar in rigar ta bushe? Sau uku ke nan. Ina sa ta a aljihun dama inda yake sa biro, don ya san na gani. Shi kuma ya mayar da ita na hagu, don in san ya san na gani."

Na ce, "To Umma ki yi masa magana mana."

Ta ce, "In ce masa me? Ya zauna? Sai ya ce ni yaushe rabon da in zauna. Me zan ce?"

Nan wata mai ɗinki ta yi sallama tana cewa tun jiya ya kamata ta karɓa, Umma ta mayar da fil baki, shi ke nan. Ashe kowa ya sani a gidan nan. Takarda tana yawo daga aljihu zuwa aljihu, ana wanke mata riga ana yi mata guga, ba mai cewa uffan.

Na karanta abin da kika rubuta a kan Baba sau huɗu. Ya yi daɗi, har na ji kishi. Ni ba a taɓa ɗora ni a kafaɗa an kai ni ko'ina ba. Ke kin kalle shi kin ga mutumin da gari ke wanke fuska da shi. Ni abin da na sani takalmi ne a bakin ƙofa, in na tashi babu, in na kusa barci akwai.

A makaranta an ba mu fom mu rubuta aikin da muke so mu yi nan gaba. Kowa ya cike ya mayar, nawa yana jaka. Malama ta tambaye ni sau biyu, na sunkuyar da kai. Ba raguwa ba ce ni, Yaya, ina son in yi aiki. Amma duk wanda na sani a gidanmu aikinsa ya cinye shi, har ke. So nake in sami wanda in lokacin tashi ya yi zai sake ni in tafi gida. A littattafaina in mutum ya ce wa iyalinsa yana dawowa yanzu, yanzun yake dawowa, a zauna a ci abinci ana hira. Na san tsarawa aka yi. Amma ai wanda ya tsara ɗin a wani gida ya gani, ko?

Kin ce ya san jikinsa. Injin yake saurara, Yaya, ban taɓa ganin ya saurari kansa ba.

Ki sake tunani don Allah.

Auta

*

Laraba

Yaya,

Ina fata lafiya. Alhamis biyu ke nan ina zuwa wurin mai gadi yana girgiza min kai. Lahadin farko kin kira, Baba yana zaune kusa, kika ce "Auta ya karatu", na ce lafiya lau, kika wuce. Lahadin da ta wuce ba ki kira ba sam. In maganar da na yi ce ta cewa aiki ya cinye ki, ki yafe min. Ko kuma kar ki yafe, amma ki amsa.

Jiya da azahar na dawo daga makaranta ke nan sai na ji babur a ƙofar gida. Dogo ne, abokin aikin Baba, ya goyo shi. Baba ya sauko yana riƙe da kafaɗarsa, fuskarsa ta yi wani iri kamar toka. Dogo ya ce wa Umma jiri ne ya ɗebe shi a tsakiyar matakalar ƙarfe, Allah ya sa yana bayansa ya tare. Baba ya ce, "Kai Dogo ka cika baki, yunwa ce kawai." Dogo ya ce, "Yunwar da ke sa mutum ya kira ni da sunan ƙaninsa?" Ba wanda ya yi dariya.

Baba ya kwanta. Umma ta rufe keke da zane tun rana ba ta faɗi ba, abin da ban taɓa gani ba. Na ce to yau dai magana za ta fito. Na zauna a tsakar gida ina jira. Abin da na ji ta ce masa kawai shi ne, "In ƙara maka ruwa?"

Yau da safe takalmin babu.

Matakalar nan ke kin san ta, ni ban sani ba, amma tun jiya nake ganinta. Ina aji ina ganinta. In Dogo ba ya bayansa fa?

Ga abin da na yanke. Ranar Asabar in na yi guga ba zan mayar da takardar ba. In har Litinin ta yi ban ji daga gare ki ba, ni zan kai ta ofishinsu da kaina. Na san me za ki ce, ni da ko shago aka aike ni sai na tsaya kowa ya watse. Wataƙila ba zai ƙara kallona ba. Amma gara ya yi fushi da ni yana nan.

In kuskure ne ki hana ni. Ke kaɗai za ki iya.

Auta

*

Juma'a

Auta, ƙanwata,

Innalillahi. Yau da safe wasiƙunki biyu suka iso tare. Direba hutu ya tafi na sati uku, wanda ya riƙe masa mota bai san da zancen saƙo ba, suna can a akwatin mai gadi. Ni kuma nan ina cewa fushi kike yi da ni shi ya sa kika yi shiru. Lahadin da ban kira ba aiki na shiga. Ba ni da wani uzuri.

Da direban ya miƙo min na hau shi da faɗa, na ce ya za ka tafi sati uku. Ya kalle ni ya ce, "Hajiya, hutuna ne fa. Mota ta tsaya ne?" Shekarata uku a nan, ban taɓa cike fom ɗin hutu ba, ban ma san a wane ofis ake karɓa ba sai yau.

Litinin ɗin da kika faɗa ta wuce da kwana huɗu. Me kika yi? Na roƙi oga ya bar ni na fita ƙofa na karɓi wayata na kira Umma da rana tsaka. Ta ce, "Lafiya lau, Babanku na nan kusa," ta kashe. Me yake yi a gida da rana tsaka ranar aiki? Faɗuwa ya yi? Ko kin kai ne suka dakatar da shi? Na sake kira ba ta ɗauka ba.

In ba ki kai ba tukuna, kar ki kai ofis. In takardar ta fito daga hannun wani, za a ce ya ɓoye ciwo yana aiki a kan injin, wannan ya fi sito muni, kuma da sunan zai yi ritaya. Ki jira ni. Na ajiye fom a teburin oga, sati biyu, daga ranar da masu duba aiki suka tafi. Ya juya shi gaba da baya kamar bai taɓa ganin irinsa ba, bai sa hannu ba tukuna.

Abin da kika ce a kaina gaskiya ne, ba sai kin nemi yafiya ba. Na ce miki ya san jikinsa ne don in samu in koma bakin aiki da kwanciyar hankali.

Wata motar kaya za ta fita yanzu, da ita zan aiko. Ki amsa ko layi biyu ne.

Yayarki

*

Lahadi

Assalamu alaikum Yaya,

Bai faɗi ba. Na fara da wannan don ki yi numfashi. Yana gida, yana shan magani, Umma lafiya, ni ma.

Na je ranar Litinin. Daga makaranta na wuce da kayan makaranta a jikina, takardar tana cikin littafin lissafi. Mai gadin gidan ruwa ya ce, "'Yar wa?" Sai da ya tambaya sau biyu kafin murya ta fito, na ce 'yar Mai Kunne. Ya washe baki ya ce, "Au, yana da wata bayan Injiniya?" Ya nuna min ofis, ƙofa mai launin kore.

Na tsaya a gaban ƙofar nan ban san iya lokacin ba. Ina jin ana buga takardu a ciki. Ban san duk abin da kika rubuta ba a lokacin, kawai na ji in na shiga na yi masa abu a bayan ido. Sai na juya na bi ƙarar injuna.

Yaya, ashe haka wurin yake. Zafi, da ƙarar da kake ji har a haƙori. Na gan shi can ƙasan matakala, sukundireba a kunne, ido a rufe. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba, kamar mai jin wani labari mai daɗi. Na kusa komawa gida wallahi.

Dogo ne ya gan ni ya taɓa shi. Baba ya hauro da sauri, ni kuma ina ƙirga matakan a raina, ya ja ni waje gindin tanki. Ya ce, "Wa ya rasu?"

Na ce ba kowa. Na buɗe littafin na miƙa masa. Ya kalli takardar, ya shafa aljihunsa na hagu.

Ya ce, "Uwarki ta aiko ki?"

Na ce, "Ba wanda ya aiko ni. Ofis na zo kaiwa, na kasa."

Ya ce, "Kin san abin da za su yi min?"

Na ce, "Sito."

Ya ce, "To?"

Ban shirya komai ba, Yaya, duk abin da na haddace a hanya ya gudu. Na ji bakina ya ce, "Baba, daga sito ai mutum da ƙafarsa yake dawowa gida." Sai kuka, irin mai majina, a gaban mutane.

Can ya ce, ba ni yake kallo ba, "Lamba uku tana wani abu kwana biyun nan. Ba mai jin sa sai ni."

Ashe Dogo ya biyo mu. Ya ce, "Ya za a yi wani ya ji? Shekara tara ina ce maka ka ba ni sukundireban nan in saurara, kana ce min gobe. Kunne biyu gare ni fa, Mai Kunne, ba ado ba ne."

Baba ya harare shi, ya ce in zauna a benci. Ta taga na ga ya ɗora bakin sukundireban a jikin injin, ya kama kan Dogo ya manna masa ƙotar a kunne, yana ta nuni da hannu, Dogo yana girgiza kai, ya sake, ya sake. Sun fi awa ɗaya. Da Baba ya fito ba sukundireba a hannunsa. Na tashi zan bi shi ya ce, "Zauna. Ba a raka mutum ofis kamar ɗan firamare." Shi ya kai takardar da hannunsa.

Sun ba shi sati shidan. Sun ce in ya dawo likita zai sake duba shi, sannan a ga ko injin ko sito. Ba su yi alkawarin komai ba. In sito ne, ni na jawo, na sani, kuma kullum da wannan nake kwana.

Kwana biyar bai yi min magana ba, gaisuwa kawai yake amsawa. Bai iya zaman gida ba sam. Ya gyara ƙofar banɗaki da ba abin da ya same ta. In an buɗe famfo sai ya karkata kai. Lokacin da kika kira yana zaune a gefen keken Umma yana ce mata bel ɗin ya yi sako-sako, tana ce masa ya bar mata kekenta, shi ya sa ta kashe.

Yanzu ke. Na san ki. Za ki karanta wannan ki ce to tunda ya huta ba sai na zo ba, ki je ki ɗauke fom ɗin daga teburin oga. Kar ki ɗauke. Ki tsaya a kansa har ya sa hannu, yadda kike tsayawa a kan mai wanke kwalba.

Jiya da rana muka ci abinci mu uku a tabarma ɗaya. Ana cikin ci ya ce, "Auta, aji nawa kike yanzu?" Na ce biyar. Ya ajiye cokali. Ya ce shi ya ɗauka uku nake. Umma ta kalli kwano, ni ma na kalli kwano. Can ya gyara zama ya jingina da bango ya ce, "To. Fara min daga ukun. Ba inda za ni."

Na fara, Yaya. Har la'asar ban gama aji uku ba.

Umma na gaishe ki. Baba ya ce a ce miki katifarki tana nan an shanya.

Ƙanwarki,
Auta